Ɓerayen Malam Rilwanu

Shekara talatin da biyu Malam Rilwanu ya yi yana aikin malamin dabbobi kafin ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Gwandu. Duk rugagen da ke tsakanin Dalijan da Masama babu inda ba a san ƙarar babur ɗinsa ba. Ya yi wa shanu allura har shi kansa bai san adadinsu ba, ya dandaƙe bijimai, ya sha zura hannu har kafaɗa ya gyara kwanciyar ɗan maraƙi a cikin uwarsa. Akwai shekarar da wani bijimi ya ɗauke shi a ƙaho ya watsar da shi cikin karan dawa, ya tashi ya kakkaɓe riga ya koma ya ƙarasa allurar. Duk wanda ke zama a ƙofar shagon Zayyanu tela bayan la'asar ya haddace wannan labari, domin Malam Rilwanu ba ya bari wata ya mutu bai maimaita shi ba, kuma kowace shekara ƙahon yana ƙara tsawo.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Da ya dawo daga sallar asuba sai ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Akuyoyin matarsa Habiba guda biyu ya sa a gaba, kullum sai ya buɗe musu baki ya duba ido, har suka koyi gudu bayan rumbu da zarar sun ji tarinsa.

Ana cikin haka autarsu Sumayya, wadda ke aure a Kalgo, ta yi haihuwa ta biyu. Ranar suna, bayan an yi addu'a an watse, ya shiga cikin gida ya gaida uwar mijinta, Inna Hajara, wata siririyar tsohuwa mai ƙarancin magana. Suna cikin gaisuwa ya ji wani irin fito daga ƙarƙashin dogon yaro. Ya waiga ya ga an kewaye wuri da bulo, wasu 'yan dabbobi dunƙul-dunƙul, babu wutsiya, suna ta wawar harawa.

Ya san su, ɓerayen Masar ne. Ya taɓa ganin hotonsu a littafi tun yana makaranta. Abin da bai taɓa yi ba shi ne riƙe ɗaya a hannunsa, amma wannan bai hana shi tsayawa a kansu ya harɗe hannu a baya yana gyaɗa kai ba, kamar wanda aka kira dubiya.

"In kana sha'awa, Malam, a kama maka biyu cikin ƙananan," in ji Inna Hajara. "Bari in zaɓa maka, ƙananan suna da wuyar ganewa."

Matan da suka zo suna suna zaune a tabarmi suna kallo. Malam Rilwanu ya yi dariya.

"Haba Inna, ki huta. Shekara talatin da biyu ina wanga aiki."

Ya naɗe hannun riga ya tsuguna. A nan ne ya tuna ya baro tabaraunsa a aljihun rigar da ya cire a gida. Ya kama wani baƙi mai farin goshi ya birkice shi, bai ga komai ba sai gashi. Ya kama wani ja da fari, nan ma gashi. Ya daɗe yana dubawa, yana nisantar da su yana matso da su, sannan ya ɗaga baƙin.

"Wanga namiji." Ya ɗaga jan. "Wagga mace."

Inna Hajara ta dubi dabbobin, ta dube shi, ta gyara mayafinta.

"To, Malam. Allah shi sa albarka."

Da suka koma Gwandu ya samo tsohon akwatin katako ya buga masa raga, ya kifa wata tsohuwar ƙwarya da ya yanke mata ƙofa ta zama ɗaki, ya sa kwano ɗaya na dusa. Baƙin ya raɗa masa Ango, jar kuma Amarya.

"Ɓera dai, Malam?" in ji Habiba tana leƙa akwatin. "Mu da ke fama da su a rumbu, kai ka je Kalgo ka ɗauko wasu a mota?"

"Sunan ne kawai ɓera. Waɗanga ciyawa suke ci, kuma kiwo ne mai albarka. Ki zuba ido, kafin damina za ki rasa inda za ki taka a gidan nan."

Gaskiya dai dabbobin sun shiga ransa. Kowace safiya sai ya hau babur ya je bakin fadama ya yanko ɗanyar ciyawa da ganyen dankali. Suna jin ya tura ƙofar gida sai su kama fito suna miƙewa a jikin raga, shi kuwa ya dinga amsa musu kamar mutane. A shagon Zayyanu ya buɗe sabon darasi. Ya bayyana cewa cikinsu wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma 'ya'yan suna faɗowa da gashi, ido a buɗe. Zayyanu, wanda ke da jikoki cike da gida, ya ce a ajiye masa biyu a haihuwar fari. Malam Rilwanu ya ce an gama.

A wata na uku abubuwa suka fara sauyawa. Amarya ta ɓullo da wani gurnani can ƙasan maƙoshi, tana taku ɗai-ɗai tana karkaɗa ƙugu tana zagaya Ango. Shi ma ya ɗaga haɓa, ita ma ta ɗaga tata, su tsaya hanci da hanci kowa yana neman ya fi wani tsawo. Malam Rilwanu ya yi murmushi ya ce lokaci ya yi.

Wata rana da hantsi Habiba tana tankaɗe kusa da akwatin, ta dakata.

"Malam, zo ka gani. Wace ce amaryar a cikinsu?"

"Jar mana."

"To ai jar ce ke hawan baƙin."

Ya zo ya duba. Haka ne kuwa. Nan da nan ilimin shekara talatin da biyu ya kawo masa ɗauki.

"Ke ba ki san dabba ba. Ko saniya in ta zo neman bijimi, sai ki ga tana hawan 'yan'uwanta. Alama ce mai kyau."

"Ko za ka kira Inna Hajara ka ji ta bakinta?"

"In kira surukata in tambaye ta aikina?"

Habiba ta ce to, ta koma kan tankaɗenta.

Bayan 'yan makonni Amarya ta yi ɓul-ɓul, har ƙofar ƙwaryar ta yi mata kaɗan. Da Malam Rilwanu ya lura da kyau, da ya ga dalili. In aka zuba dusa, Amarya takan kwanta ne rabin jikinta a cikin kwanon, Ango ya raɓe a lungu yana jiran abin da ya rage. Ɗakin ƙwarya ma ta hana shi shiga. Amma Malam Rilwanu ƙibar kawai ya gani, ya tafi shagon Zayyanu ya ba da albishir cewa ciki ya bayyana, kuma a ganinsa ba za su gaza uku ba. Zayyanu ya yi murna, har ya sa kafinta ya yi masa ɗan akwati mai murfi ya ajiye a ƙarƙashin keken ɗinki yana jira.

Ranar wata Talata ya dawo daga yankan ciyawa bai ji fito ba. Abin da ya ji wata ƙara ce, ƙaf-ƙaf-ƙaf, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya leƙa ya ga su biyun sun fuskanci juna, gashin wuya a tashe, suna kaɗa haƙora. Amarya ta wage baki kamar mai hamma, dogayen haƙoranta a waje. Kafin ya ajiye ciyawar sun cure wuri ɗaya, baƙi da ja suna birgima, kwano ya kife, gashi yana tashi.

"Kai! Kai! Mai ciki!" ya yi ihu, ya zura hannu tsakaninsu.

Bai san wanda ya cije shi ba. Ya dai ji kamar an soka masa basilla a gindin babban yatsa, ya fizge hannu, jini ya ɗiga a gaban rigarsa. Da ɗaya hannun ya cafko Amarya ya matse ta a ƙirji. Duk da zafin cizon, tunaninsa yana kan cikin, kada a ce ya taɓu. Ya lalubo tabarau daga aljihu ya saka, ya birkice ta don ya duba.

Wannan karon babu buƙatar matsowa ko nisantarwa. Abin da ya gani, ko makaho ya shafa zai ba da shaida. Shi da ya dandaƙe bijimai ɗari-ɗari, babu abin da ya fi sani a jikin dabba kamar wannan.

Ya kifa kwando a kan Amarya, ya nemi turmi ya zauna. Habiba ta fito da ruwan ɗumi da tsumma ta wanke masa yatsan, ta sa aidin ta ɗaure.

"Mi ka gani?"

"Babu komai."

"Cikin lafiya?"

Ya dubi bango. "Lafiya lau yake." Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa, ya yi sauri ya ƙara da cewa, "Cikin nake nufi."

Da la'asar Zayyanu ya ga bandeji ya tambaya. Malam Rilwanu ya ce waya ce ta yanke shi wajen gyaran keji. Ya zauna ana hira yana kallon ɗan akwatin nan mai murfi a ƙarƙashin keke, yana jin kamar akwatin ma kallonsa yake yi.

A hanyar komawa gida dabara ta zo masa, kuma a lokacin ya ga ba a taɓa yin dabara mai kyanta ba. Maza biyu suna faɗa saboda babu mace. To a kawo mace. Faɗa zai mutu, za a haihu, Zayyanu zai samu nasa, kuma wa zai zo gidansa ya ce sai an nuna masa wadda ta haifa? Ranar kasuwa ya je wajen wani mai sayar da tantabaru da zomaye, ya tarar yana da ɓerayen Masar huɗu. Ya sa tabarau, ya duba, ya sake dubawa, ya kuma sa mutumin ya rantse, sannan ya ɗauki wata fara sol ya sako ta a kwali.

Habiba ta ga kwalin ta ce, "Malam, don Allah ka kira Inna Hajara kafin ka zuba ta."

"Ke dai ki kawo mini ruwa."

Ya mayar da mazan biyu cikin akwatin, ya saki farar a tsakiya, ya ja da baya ya harɗe hannu. Ba a yi minti biyu ba. Ango, wanda wata guda ke nan yana raɓe-raɓe a lungu, yana jin ƙamshin mace ya zama wani daban. Ya kumbura ya yi kan Amarya, Amarya ya tare shi, farar ta shige ƙarƙashin ƙwarya tana ƙara. Wannan faɗa ya ninka na farko. Malam Rilwanu ya miƙa hannu, ya ga bandeji, ya janye, ya tsaya yana tsalle a wuri ɗaya yana cewa, "Subhanallahi! Ku bari!" Habiba ce ta zo ta jefa musu tsohon zane, ta zura faifai a tsakani ta raba su.

Da aka buɗe zanen, kunnen Ango ya tsage, ga wani rauni a gadon bayansa yana jini. Wannan kam aikinsa ne. Ya aske gashin wurin, ya wanke, ya sa magani. Sai dai yanzu yana da dabbobi uku a mazubi uku: Amarya a akwati, farar a ƙarƙashin kwando, Ango a tsohon bahon wanki an rufe shi da raga.

Amarya ya wuni yana gwaguyar raga yana gurnani. Ango kuwa ya kwanta ya juya fuska ga bangon baho. Aka sa masa ganyen dankali bai duba ba. Aka kawo ɓawon kankana, abin da a da yake tsalle a kansa, ya shinshina ya kau da kai. Washegari ma haka. A nan wasa ya fita daga ran Malam Rilwanu. Ko bai san komai game da ɓeran Masar ba, ya san abin da ake nufi in dabba mai cin ciyawa ta daina ci. Ya ɗaga Ango ya ji ba nauyi, ƙasusuwan baya suna taɓa tafinsa, ya gane wannan ramar ba ta kwana biyu ba ce. Wata guda yana murna da ƙibar wancan, wannan yana yunwa a gaban idonsa.

"Zan je Kalgo in dubo jaririya," ya ce wa Habiba.

"Allah ya kiyaye hanya. Ga kwalaye uku can na huda musu iska."

A cikin bas ya ɗora kwalayen a cinya. Da mota ta faɗa rami sai biyu daga ciki su kama fito. Wata mata a kujerar baya ta ce, "Baba, tsuntsaye ne?" Ya ce kayan aiki ne, ya juya yana kallon gonakin albasa ta taga har aka sauka.

Ya isa Kalgo kafin azahar. Sumayya ta fito da jaririya a kafaɗa tana yi masa sannu da zuwa, idonta a kan kwalayen. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, Inna Hajara ta zo ta zauna daga gefe, aka yi gaisuwa mai tsawo. Sannan ya gyara murya ya fara. Ya yi bayanin cewa ƙananan dabbobi sun bambanta da manya, cewa ko a makaranta ba a zurfafa a kansu ba, cewa hasken ranar suna bai wadata ba a ƙarƙashin bishiya. Inna Hajara ta saurare shi har ya rasa abin ƙarawa.

"Maza na, duka biyun," ta ce. "Tun ranar na gani."

"To Inna, mi ya hana ki faɗa mini?"

"In ƙaryata suruki a gaban mata, ranar sunan jikarsa? Na ce in sunka girma za ka gani da kanka. Ban san za ka daɗe haka ba."

Sumayya ta ɓoye fuska a bayan jaririya, kafaɗunta suna rawa.

"Baba, ka yi haƙuri. Washegarin suna na kira Mama na faɗa mata."

Malam Rilwanu ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar. Ya tuna ranar da ya tsaya a kan Habiba yana yi mata karatun saniya mai neman bijimi, tana riƙe da rariya tana cewa to. Dariya ta taso masa daga ciki, ya so ya danne ta saboda yana gaban suruka, ta ƙi dannuwa. Ya yi ta har da hawaye. Inna Hajara ma ta ja mayafi ta rufe baki.

Da aka natsa ta buɗe kwalin farar, ta dube shi.

"Wagga fa?"

"Na ce ko in an kawo mace za su daidaita."

"Wuta ta kama, kai kuma ka kawo mai." Ta miƙa wa Sumayya kwalin. "Kai ta can wurin 'yan'uwanta mata, nesa. Ki wanke hannunki kafin ki dawo."

Ta ɗaga Ango ta duba raunin, ta ce wanda ya yi wannan aiki ya iya. Malam Rilwanu ya ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata. Sannan ta kai shi bayan ɗakin girki, inda bai leƙa ba ranar suna. A can akwai wani shingen bulo mai faɗi, maza zalla guda biyar a ciki. Ta kifa tsofaffin tukwanen ƙasa har shida, kowace an fasa mata ƙofa biyu, gaba da baya. Harawa kuma tuli uku, nesa da juna.

"Ɗaki guda ka yi musu, ko?"

"Guda."

"Mai ƙofa guda. Kwano guda."

Ya ce haka ne.

"To babban ya tsaya a ƙofa, ƙaramin ya bi ta ina? Kowa da ɗakinsa, kowa da kwanonsa, a bar musu filin gudu. In wani ya kori wani, ya shiga ta nan ya fita ta can, magana ta ƙare."

Suna tsaye wani mai ruwan ƙasa ya fara gurnani yana karkaɗa ƙugu, ya bi wani ya hau shi. Malam Rilwanu ya matsa zai tsawata. Inna Hajara ko motsi ba ta yi ba. Wanda aka hau ya yi 'yar ƙara ya zame ya tafi wani tulin, mai ruwan ƙasan ya koma cin abincinsa.

"Wanga ba faɗa ba na," ta ce. "Shina faɗa masa wane ne babba. In ka raba su duk lokacin da sunka fara, gobe daga farko za su sake. Haƙora in sunka yi ƙara ƙwarai, ka matso da zane. In sunka cure ko ka ga jini, ka raba. Ban da wannan, ba ruwanka."

Ta ce shi Ango, kaɗaici ne ya haɗu masa da ciwo, waɗannan dabbobi ba sa son zama su kaɗai, ko da abokin zaman azzalumi ne. Za a gwada haɗa su, amma ba a gidan kowa ba. Ta sa Sumayya ta share wani lungu kusa da zaure inda ɓera bai taɓa zama ba, aka tare shi da benci biyu, aka zuba ɗanyar ciyawa tuli guda babba a tsakiya. Ta goge su biyun da jiƙaƙƙen tsumma don ƙamshin macen ya fita, ta ajiye ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan. Ta zauna a kujera 'yar tsugune da zane a cinya.

Amarya ne ya fara. Ya taho yana gurnani, ya zagaya Ango, ya shinshina shi, ya ɗaga haɓa. Ango ya ɗaga tasa. Haƙora suka ɗan yi ƙara. Malam Rilwanu ya yunƙura.

"Malam, zauna a kan hannunka."

Ya ɗauka wasa take yi. Ya dube ta ya ga ba wasa a fuskarta. Sai ga Malam Rilwanu, mai furfura a gemu, ya tura tafukansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kai kamar ɗan aji ɗaya.

An fi awa guda ana abu ɗaya. A bi, a hau, a zame, a tsaya hanci da hanci. Sau ɗaya Amarya ya kai cafka ya tsinko 'yan gashi, Inna Hajara ta ɗaga zane, ta duba ba jini, ta mayar. Aka kira azahar, ya je masallaci ya dawo ya tarar ana nan. Can dai Ango ya gaji. Da Amarya ya sake ɗaga haɓa, sai ya sunkuyar da kai ya yi wata siririyar ƙara ya ja da baya. Amarya ya zagaya shi sau ɗaya, kamar mai son a shaida, ya tafi ya kama cin ciyawa. Jim kaɗan Ango ya lallaɓa ta ɗaya gefen tulin, ya jawo kara ɗaya, ya fara taunawa.

"Yana ci," in ji Malam Rilwanu, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, yana ci."

"Na gani. Amma kada ka yi saurin murna. Akwai waɗanda in sunka zubar da jini ba su sake shiri har abada. In haka ta faru, ka sa raga a tsakani, su riƙa ganin juna suna jin juna, kowa da gefensa. Kuma tsohon akwatin nan kada ka mayar da su ciki."

Farar ya bar ta a Kalgo. Da ya isa gida da yamma ya tarar Habiba ta riga ta fito da tsofaffin tukwane uku ta jera a gindin bango.

"Wata huɗu, Habiba," ya ce. "Wata huɗu kina kallona ina yawo da albishir a gari."

"Na gwada, Malam. Ka ba ni labarin saniya."

Ya ɗauki guduma ya fara fasa wa tukwanen ƙofa. Ta farko ta tarwatse gaba ɗaya, ta biyu ma haka, sai Habiba ta karɓa ta yi ta uku da bakin tsohuwar wuƙa a hankali, ta aika maƙwabta aka samo wasu biyu. Washegari ya jera bulo a inuwar bayan ɗaki, wuri mai faɗin tabarma biyu, ya rufe sama da raga saboda mage da shaho.

Saura shagon Zayyanu. Ya yi kwana uku bai je ba, a na huɗu ya je. Bai gama zama ba Zayyanu ya tsayar da keke.

"Likita, Amarya ta sauka?"

"Amarya namiji ne."

Ya ga tunda an fara gara a ƙarasa, ya kwashe komai ya faɗa, tun daga tabarau har zaman da ya yi a kan hannunsa a gaban suruka. Ya kwance bandeji ya nuna musu ramukan haƙori biyu, ya ce ga wayar da ta yanke shi. Zayyanu ya kifa kai a kan keke yana dukan teburi, wani dattijo ya ƙware da ruwa sai da aka bubbuga masa baya. Daga ƙarshe Zayyanu ya jawo ɗan akwatin nan ya zuba zare da maɓallai a ciki.

Sati biyu aka yi lafiya. Amarya yana gurnaninsa safe da yamma, Ango yana kauce masa, kunnen ya warke da 'yar tsaga, jikinsa ya fara cikowa. Ranar wata Juma'a da safe Malam Rilwanu ya ga wurin ya yi datti, ya kwashe komai ya wanke tas, har tukwanen. Yana mayar da su aka koma kamar ba a taɓa sanin juna ba: bi, hawa, ɗaga haɓa, haƙora suna 'yar ƙara. Ya ɗauko zane ya riƙe, ya ajiye, ya sake ɗauka. Daga nan ya ciro waya ya kira Sumayya ya ce ta kai wa Inna.

"Inna, sun sake. Ga shi, ki ji."

Ya tsuguna ya zura wayar cikin shingen, ya bi Amarya da ita a hankali daga wannan tukunya zuwa waccan. Habiba ta fito daga ɗakin girki da ludayi a hannu ta tsaya tana kallonsa. Bayan ɗan lokaci ya mayar da wayar kunne.

"Wanke wurin ka yi?" in ji Inna Hajara.

"Na wanke."

"Duka?"

"Har tukwane."

"Ka share musu ƙamshinsu, dole su sake rabon gida. Gaba in za ka wanke, ka bar musu ɗan tsohon shimfiɗi a lungu. Akwai jini?"

"Babu."

"To ka bar su. Ka karya kumallo kuwa?"

Ya ce bai karya ba tukuna. Ta ce ya je ya karya, ta gaida Habiba.